Daminar da Muka Yi wa Ɗakin Kaka Siminti

Tun shekaranjiya ruwa bai ɗauke ba a nan wajenmu. Ba mai tsawa da iska ba ne, marka ce, yayyafin nan mai naci da ba ya cika kwano amma yana jiƙa mutum har ƙashi. Aiki ya tsaya cak. Ni sana'ata buga tubali, na jar ƙasa da ake matsewa da ƙarfe, kuma ba wanda ya koya mini sai waya da ɓarnar ƙasa mai yawa. In na fara zancen gini abokaina watsewa suke yi. To yau ban samu ko wanda zai watse ba, kowa yana ɗaki. Ina zaune ina jin ƙanshin jiƙaƙƙen bango, sai wata damina ta dawo mini gaba ɗayanta, ta lokacin ina saurayi sabon tashi. Bari in ba ku, don wallahi in ban faɗa ba yau ba zan iya cin tuwo ba.

Gidanmu yana wani ƙauye tsakanin Aliero da Jiga Birni. Gidan ƙasa ne, kamar na kowa a unguwar a lokacin. A bayansa akwai kududdufi, wato ramin da tun kakanni ake ɗiban ƙasar gini a ciki. Duk ɗakin da ka gani a unguwarmu daga ramin nan ya fito. Ɗakin da ya fi kusa da shi kuwa na Kaka Ige ne, mahaifiyar Baba. Kakanmu ne ya gina mata da hannunsa, soro ne mai azara, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu. Da bazara, lokacin da kwano ke gasa mutane, in ka shiga ɗakin Kaka sai ka ce cikin randa ka faɗa.

Kowace shekara, da an cire albasa an zuba a rudu, wato rumfar ajiyar albasa, sai a koma kan yaɓe. Ba a wasa da shi. Maza su sauka rami da diga, mu samari mu yi ta hawa da kwanon sarki a ka. A tara ƙasa a ƙofar gida, a zuba ruwa, a watsa yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, a shiga da ƙafa a yi ta cuɗawa. A bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake cuɗawa. Warinta ba daɗi, amma duk wanda ya tashi a nan ya san warin nan na nufin gida zai ga wata shekara. Yau a yi gidanku, gobe gidan maƙwabci. Inna ta dama fura a babbar ƙwarya, rana tana dukan ƙeya, ƙasa tana bushewa a gashin ƙafa tana tsikari. Kaka ta zauna a inuwa tana ba da umarni da mafici.

Matsalar ita ce, duk yaɓen da aka yi, ramin ƙara faɗi yake. Da can, in ji Baba, tsakanin ɗakin Kaka da bakin rami amalanke na wucewa. A shekarar da nake ba ku labari, akuya ma sai ta karkace. Daminar da ta gabata ramin ya cinye katangar wasu gidaje a ɗaya gefen, an kuma ciro wani yaro daga ruwan da ƙyar. Sai magidanta suka kai kuka wurin mai unguwa, kuma Baba yana sahun gaba, don shi ne ramin ya fi matsa wa. Magana ta hau sama, ta sauko da doka: ba a ƙara sa diga a kududdufin cikin gari. Mai son ƙasa ya tafi wani fili da aka ware can bayan fadama. Aka turo ma'aikacin muhalli, mu dai duba-gari muke ce masa, wani siririn mutum mai suna Malam Bala, ya kafa allo a bakin ramin.

Ranar Baba har murmushi ya yi. Ya ce yanzu ɗakin tsohuwa ya tsira.

Sai da lokacin yaɓe ya zo kowa ya gane inda aka shiga. Filin da aka ware yana da nisa, ba tafiyar kwanon sarki ba ce. Jakai sun ƙare a gari, an sayar an sayi babura. Tifa kuwa ba ta talaka ba ce, ballantana a wannan shekara da albasa ta yi yawa a kasuwa, zafi kuma ya shiga rudu ya ruɓar mana da kusan rabi. Baba ya roƙi amalanken wani abokinsa, muka yi sawu guda. Da muka jiƙa ƙasar muka ga rairayi ne ya fi yawa, in ka dunƙula ta a hannu ka buɗe sai ta wargaje. Muna shirin neman wani gefen filin sai ga hadari ya taso da wuri, aka yi ruwan shuka. Shi ke nan, shanu da amalanke da mutane duk suka koma gona. Wa zai bar shuka ya je ɗebo wa wani ƙasa?

Bangon Kaka na baya kuwa ga shi nan a tsattsage, tsohon yaɓe ya zube, tubali a waje.

A nan ne Kawu Sahabi ya shigo, ƙanen Inna, magini ne na bulo a Jega. Ya zo a babur ya zagaya ɗakin, ya ce wa Baba, "Malam Ummaru, wa ka yin yaɓe yanzu? Duniya ta wuce nan. Ina da ragowar siminti na wani aiki. In na shahwa maka shi ga bangon ga, kai da yaɓe har abada."

Baba ya ce, "Shina kama ƙasa kuwa?"

"Kamar ƙaya ga riga. Kusoshi za mu bubbuga ga bangon, shi riƙe."

Baba ya ba shi daga albasar da ta rage, ya kawo siminti. Ni na yi masa lebura, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi ya kusa kashe ni. Ranar na fara riƙe cokalin magina. Muka shafe bangon baya da na gefe, sumul, har Kawu ya zana layuka ya zama kamar ginin bulo. Mutanen unguwa suka riƙa zuwa kallo. Wasu ma suka yi nasu.

Kaka ta fito tana dogara sanda, ta shafa bangon, ta sunsuna hannunta. Ni take kira Maigida, tunda jika namiji mijin kaka ne a wasa. Ta ce, "Maigida, mi kunka shahwa ma ɗakina? Toka?"

Na ce, "Siminti na, amarya. Kin zama 'yar birni."

Ta yi mini daƙuwa. "Ungo naka. Ɗaki ba shi ko ƙamshi."

Ku riƙe wani abu a nan, don ba za ku gane sauran ba sai da shi. Baba ɗan farin Kaka ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye, kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ko suna zaune tabarma ɗaya sai ta ce da wani, "Ka ce ma mai gidan ga kaza." Shi ma ya amsa ta bakin wani. Yawanci ni ne wannan bakin.

Farkon damina lafiya lau. Ruwa ya daki siminti ya gangare, Baba ya riƙa zagayawa yana dubawa yana gyaɗa kai. Muka yi noman farko, muka yi maimai. Sai watan Agusta ya kama, marka ta sauka ta ƙi tashi.

Wanda bai zauna ƙauye a irin wannan lokaci ba ba zai gane ba. Gero yana gona ya yi kai amma bai nuna ba, rumbu kuma ya koma sai ƙaiƙayi a gindi. Albasar da za a sayar a sayi hatsi, wani sashe ya ruɓe, wani yana jikin bango ya zama siminti. Inna ta koma dafa tafasa da rama, ta barbaɗa ɗan ƙuli, shi ne na rana. Da yamma kunu tsararo. Itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika gida ba wuta, idon Inna kullum ja. Tufafi ba sa bushewa, tabarma tana wari, gishiri ya narke a kwalba. Kwaɗi a ramin baya ba sa yin shiru ko da rana tsaka. Hanyar fita gari ta zama taɓo, babur ba ya shiga. Kududdufi kuwa ya cika ya batse, ruwansa kore, yana lasar gindin bangon Kaka.

Wata safiya na zagaya baya in kamo agwagwarmu, na dafa bangon don kada in zame. Sai na ji ya amsa. Na ƙwanƙwasa da yatsa, ya yi kwam-kwam kamar ganga. Na matsa gaba na ƙwanƙwasa, haka. Simintin ya rabu da ƙasar da ke bayansa.

Yanzu ne na san abin da ya faru, kuma don Allah ku saurara, don har gobe mutane suna yin wannan kuskure. Bangon ƙasa kamar tulu yake. Yana shan ruwa, iska ta busa ya fitar. Yaɓen ƙasa ba ya hana shi wannan. Siminti kuwa rufe shi yake yi ruf. Ruwa yana hawowa ta gindi daga rami, yana kuma shiga ta 'yar tsagar da ke wajen indararo, amma ba shi da ƙofar fita. Daga waje bango yana sheƙi, daga ciki yana zama kunu. A lokacin ban san ko ɗaya ba. Na dai ruga na kira Baba.

Baba ya ƙwanƙwasa, ya sa kunne. Ya sa wuƙa ya ɓalli ɗan gefe, ya tura yatsa. Yatsan ya shige duka, ya fito da jan taɓo.

Aka kira Kawu a waya, ya bar babur a bakin titi ya shigo da ƙafa, wando a naɗe. Ya duba, fuskarsa ta canza. Ya ce, "A ɓamɓare shi, bangon shi sha iska."

Baba ya ce, "Wace iska? Cikin ruwan ga? In munka ɓamɓare, yayyahi na wanke shi kahin la'asar."

"To a bar shi."

"In munka bar shi hwa?"

Ni ban taɓa ganin manya biyu sun tsaya a gaban abu sun rasa ta inda za su kama shi ba sai ranar. Tokara ma ba ta yiwuwa ta baya, don inda za a kafa gwafa ruwa ne. Abin da ya rage shi ne a samo ƙasa mai danƙo a yi wa gindin bangon tudu, a tare ruwan. Ƙasa mai danƙo kuwa ga ta nan a gefen ramin, taku kaɗan daga inda muke tsaye, a ƙarƙashin allon doka.

Baba ya aika aka nemo Malam Bala. Mutumin nan ya zo cikin ruwa, da buhu a ka. Ya zagaya, ya duƙa, ya duba. Baba ya ce, "Kwano kaɗan nika so, ba gini za ni yi ba."

Malam Bala ya ce, "Malam Ummaru, ni ma gidan ƙasa nika kwana, na san abin da kaka ji. Amma dubi inda za ka sa diga. Gaɓar ga ita ka riƙe da katangar maƙwabcinka. Kuma in na bar ka yau, gobe unguwa duka ta sauka ramin ga, kowa bangonai na ciwo. Kai da kanka ka kawo kukan."

Baba ya ce, "Ni na kawo."

"Ka hidda tsohuwa daga ɗakin. Shi kaɗai nika iya ce maka."

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Baba ya tsaya a ƙofar ɗakin, ruwa yana zuba masa a wuya, yana kallon ƙasa. Ni ina daga ciki, Kaka tana kan gadonta da carbi. Tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba.

Ya ce, "A ce ma tsohuwa ta koma ɗakin Inna kahin ruwa shi ɗauke."

Na ce, "Kaka, an ce ki koma ɗakin Inna."

"Na ji, ba kurma nike ba. Ka ce ma mai gidan ga nan anka kawo ni, nan za a ɗauke ni. Ruwan da ɗakin ga ya gani, shi ba a haihe shi ba."

"Baba, ta ce..."

"A ce mata bangon ya ruɓe."

"Ka ce mashi wa ya ruɓar da shi? Da ƙasa anka san ɗakina, shi ya kawo toka."

Baba ya juya ya tafi. Ba zai iya ɗaga mata murya ba, ba zai iya taɓa ta ba, kuma abin da ya fi tsoro a duniya shi ne ta buɗe baki ta yi masa Allah ya isa. Haka aka yi ta yi kullum. Inna ta roƙa, liman ya zo ya roƙa, Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Liba, ta yi ta kira a waya tana kuka. Kaka ta ce ko ina ba ta zuwa. Baba ya daina zuwa gona. Ya shimfiɗa buhu a zaure inda yake hango ƙofarta, ya zauna. Ya rame har wuyansa ya fito.

Ranar wata Laraba bayan azahar na kai mata kunu, na tura ƙofa ta ƙi buɗuwa. Sai da na sa kafaɗa. Ƙofar da kullum iska ke kaɗawa! Na ɗaga kai na ga azara ɗaya ta zame daga mazauninta, tururuwa kuma sun yi layi suna fita da ƙwai a baki. Na ajiye kwanon.

Na ce, "Amarya, tashi mu tai."

"Ina?"

"Gidana. Wa ad da ke? Ba ni na mijinki ba? Na ce ki tare yau."

"Miji ba ko akuya! Tahi ka ba ni wuri."

Na juya na durƙusa, na kamo hannuwanta na ɗora a kafaɗa, na miƙe. Wallahi ba ta fi damin ciyawa nauyi ba, a nan na san ita ma yunwar tana cin ta, tana ba ƙannena kununta a ɓoye. Ta yi ta dukana da carbi a ka, tana zagina da zagin da ban taɓa ji ba, har da kakannin Inna. "Adudu na! Ɗan banza, adudu na!" Kwandonta ne mai murfi, a ciki take ajiye likkafaninta. Na sauke ta a ɗakin Inna, na koma na ɗauko. Na wuce Baba a tsakar gida. Bai ce yi ba, bai ce bari ba. Abin da ɗa ba zai iya ba jika ya yi, kuma zagin da aka yi wa jika ba ya kama shi. Ya bi bayana ya ja ƙofar da ƙarfi ya sa kwaɗo.

Ɗakin kuma ya ƙi faɗuwa.

Wannan shi ne mafi wuya. Kwana ya bi kwana, ruwa yana zuba, ɗaki yana tsaye yana sheƙi. Mu duka a cunkushe a ɗakin Inna da na Baba, numfashi a kan numfashi. Kaka ta zauna a bakin ƙofa tana kallon nata. Duk wanda ya wuce sai ta ce, "Ku duba, tsaye shike. An hidda ni ɗakina da raina kamar ɓarauniya." Ta daina cin duk abin da ta san daga hannun Baba ya fito. Sai Inna ta ce mata daga Liba aka aiko. Baba ya fara cewa ko dai a buɗe mata. Ni kaina na fara shakka.

Sai ranar da rana ta fito. Kai, ranar! Gari ya ɗauki tururi, kowa ya fito da tabarmi da tsummoki ya baza a kan dangogi, kaji suna buɗe fiffike. Kaka ta ce, "Maigida, ruwa ya ɗauke. Amso mabuɗi." Na tafi zaure wurin Baba. Ya sa hannu a aljihu ke nan muka ji wani irin nishi, ba ƙara ba, kamar an sauke buhun gero daga kan jaki. Agwagi suka tashi. Ruwan rami ya yi tsalle ya shigo har tsakar gida.

Bangon baya ya tafi gaba ɗaya, soron ya bi shi. Gadonta, randarta, duk sun gangara. Ƙofar kaɗai ta rage a tsaye da kwaɗonta, ta bayanta kana hango sama. Simintin ya farfashe kamar kasko, abin da ke cikinsa kuwa ko tubali ɗaya ba a gane ba.

Kaka ba ta yi salati da ƙarfi ba kamar sauran mata. Ta dai kalla. Da yamma ta ci tuwon tafasa ba ta tambayi daga ina ba.

Aka yi kaka, muka ci tumu, ciki ya dawo. Da rani ruwan ramin ya janye, sai ga ɗakinta ya bayyana a ƙasa, tulin jar ƙasa da azara a cake. Tun daga nan ta kafa mana magana ɗaya: a kwaso mata ƙasarta a mayar. "Tawa ta. Marigayi mai gidana ya cuɗa ta da ƙahwatai. Ba ta gwamnati ba ta." Kullum da safe sai ta sa in faɗa wa Baba.

Wata safiya Baba ya ɗauki diga. Ya ce ko za a ɗaure shi sai dai a ɗaure shi. Na bi shi da kwanon sarki, Kaka ta biyo mu da sanda ta tsaya a bakin gaɓa. Muka sauka. Ya ɗaga digar, sai ya tsaya, yana kallon gaɓar da ke saman tulin. Na bi idonsa. Ƙasar ɗakin Kaka ta zube ta cike daidai inda ruwa ya rarake gaɓar, ita ce yanzu ta tokare gindin ɗakin Inna, inda ƙannena suke kwana, inda ita kanta Kakar take kwana. In muka kwashe, damina mai zuwa shi ne zai bi.

Ya daɗe a haka, diga a sama. Ba duba-gari, ba kowa, mu uku ne kawai da wata akuya.

Kaka ta dubi tulin, ta dubi bangon ɗakin Inna, ta sake duban tulin. Sannan ta ce, a hankali, "Maigida."

"Na'am."

"Ka ce mashi shi aje. Ka ce mashi na gani."

Na juya in faɗa masa. Ya riga ya sauke digar, ya zauna a kan ƙasar ɗakin, ya rufe fuska da hularsa.